Matakan Ɗaukar Hoto a Lungunan Kasuwar Kurmi

Da farko, ka cika wayarka da caji, ka goge gilashin kyamararta da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar Kano, musamman da hunturu, tana dusashe hoto. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, tun da hasken tsakar rana yakan jefa baƙar inuwa a fuskokin mutane.

Idan ka shiga kasuwar, kada ka yi gaggawar ɗaga waya. Ka fara zagayawa a hankali ta wajen dukawa da masu sayar da ƙwarya, har ka sami wurin da haske ke ratsowa tsakanin rumfuna. A nan za ka raɓe gefe, ba tare da ka tare wa 'yan dako hanya ba, ka jira mai wucewa ya shigo cikin hasken.

Kafin ka ɗauki fuskar kowa, ka yi sallama, ku gaisa, sannan ka nemi izini. A ganina wannan matakin ya fi sauran nauyi, musamman a kan mata da yara. Wanda ya ƙi, ka yi masa godiya ka wuce, wanda kuwa ya amince, ka nuna masa hotonsa nan take.