Yadda za a tuntuɓi makafi kafin a buga takardun banki da rubutun Braille

Kafin banki ko asusun bashi a Garwa, Marwa ko Ngaundere, a arewacin Kamaru, ya sayi injin buga Braille, wato rubutun ɗigo-ɗigo da makafi ke karantawa da yatsa, ya fara zama da masu karanta shi. Ku bi ta ƙungiyoyinsu da malaman makarantunsu, ku kuma gai da Sarkin Makafi. Mutum shida zuwa takwas sun isa zama ɗaya. A raba maza da mata, domin mace ba ta sakin jiki ta yi zancen kuɗinta a gaban maza. A biya kuɗin mashin na kowa har da ɗan jagora, amma tambaya ga mai asusun za ta tafi.

Tambayar farko: wa ya iya Braille? Da yawa sun rasa gani da girmansu, ta hawan jinin ido ko yanar ido, ba su taɓa koyonsa ba. Waɗannan sun fi son saƙon murya ko manyan haruffa.

Ga masu karatu kuwa, a tambaye su da wane tsari suka koya. Kamaru na da Faransanci da Turanci, kuma Braille ɗin kowanne yana da cikakken rubutu da kuma taƙaitacce. Wurin lambobi ne ake yawan yin ɓarna. Kowane harafin Braille yana zama a gurbi mai wurin ɗigo shida, masu lamba 1 zuwa 6. A Antoine, tsarin rubuta lambobi na Braille ɗin Faransanci, ɗigon da ke nufin 1 shi ne na harafin â, na 2 kuma shi ne ê. Alamar ɗigo na 6 da ke gabansu ce ke nuna lamba ce. Idan manhajar da ke mai da rubutu Braille ta yar da ita, ragowar kuɗin mutum ya koma haruffa marasa ma'ana. Wanda ya saba da tsohuwar alamar lamba, mai ɗigo 3-4-5-6, zai iya ruɗewa, domin a Antoine sifili ce.

Ku kawo samfuri a hannu, da sunayen bogi da adadi na sefa. Kowa ya karanta da ƙarfi, ba mai taya shi, ku rubuta inda yatsa ya tsaya ko ya koma baya. Jadawali mai layukan tsaye biyar ba ya shiga, tunda layin takardar A4 bai wuce gurbi 30 zuwa 32 ba. Gara kowace shiga ko fita ta samu nata layin: rana, bayani, adadi. Ragowar kuɗi ta zo a saman shafin farko. Shafi ɗaya na bugun tawada yakan ci shafi biyu zuwa uku.

Takarda ta yi kauri, wajen giram 150 zuwa 160. Ta ofis mai giram 80 ɗigonta na mutuwa da wuri. Kada a ninke ta, kada a danne ta da kaya, a miƙa ta cikin ambulan mai tauri a hannun mai ita.

Yarjejeniyar bashi, ta tawada ake sa wa hannu ko dangwale, don haka a ba mai karɓar bashin kwafin Braille ya tafi da shi gida tukuna. Bayan gyara, a sake kiran mutanen nan, makaho ya duba bugun ƙarshe, a biya shi ladan aikinsa.