Yadda Ake Haɗa Zanen Bango Mai Maimaituwa Ba Tare da Mahaɗa Ta Fito Ba

Zanen da kake gani a bayan rubutu a shafukan intanet, ko a jikin fosta da kwalin kaya, sau da yawa ƙaramin hoto ne guda ɗaya da aka jera gefe da gefe, sama da ƙasa, kamar shimfiɗar tayil. Sharaɗinsa shi ne duk abin da ya fita ta gefen dama ya shigo ta hagu, na sama kuma ya dace da na ƙasa. In aka sami saɓani ko na fiksel ɗaya ne, wato ɗigo mafi ƙanƙanta a hoton kwamfuta, layi zai fito a mahaɗar.

Fara da buɗe fili mai kusurwa huɗu daidai wa daida, misali fiksel 512 faɗi, 512 tsawo. Girma irin 256, 512 ko 1024 yana rabuwa biyu ba saura, kuma shi masu haɗa wasannin kwamfuta suka fi amfani da shi. Yi zanenka a tsakiya, ganye ne, ɗigo ne ko layuka, amma kada komai ya taɓa gefe tukuna.

Daga nan sai ka haɗe leyoyin, wato shimfiɗun zanen da ke hawa kan juna a manhajar, wuri guda ka gusar da hoton da rabinsa. A manhajar gyaran hoto ta Photoshop shiga Filter, sai Other, sai Offset, ka sa 256 a kwance da 256 a tsaye, ka zaɓi Wrap Around. A GIMP, wadda kyauta ce, Offset yana ƙarƙashin Layer, cikin Transform. Nan take zanenka zai rabu huɗu ya koma kusurwoyi, gefunan farko kuma su dawo tsakiya. Cike wannan fili da ya buɗe da sababbin siffofi, har yanzu ba tare da taɓa gefe ba.

Idan hoton katako, takarda ko siminti ka ɗauka, aikin ya fi haka wuya, kuma a nan ya kamata ka ba da lokacinka. Bayan gusarwa za ka ga layi biyu sun gitta a tsakiya. Shafe su da Clone Stamp, abin da ke kwafo wani wuri na hoton ya shafa a wani, kana sauya wurin da kake ɗebo launi, don kada shafar ta bar nata tabon. Sai dai goge layi kaɗai ba ya wadatarwa. In ɓangare ɗaya na hoton ya fi ɗayan haske, da an jera shi sai bangon ya yi ratsi-ratsi, duhu da haske, duhu da haske. Maganin tun wajen ɗauka ne: a inuwa ko ranar da hadari ya rufe rana, kyamara tana fuskantar abin kai tsaye. In an riga an ɗauka, High Pass, wanda shi ma Filter ne a Photoshop, yana rage bambancin hasken. Sannan ka nemi duk wata alama mai jan ido, kamar ƙullin katako ko tsaga, ka cire ta. A hoto ɗaya kyau take ƙarawa, amma in ta fito sau talatin a jere, ita za ta tona maimaicin.

Kada ka amince da zane sai ka gan shi a jere. A Photoshop zaɓi Define Pattern a ƙarƙashin Edit, ka cike babban fili da shi, ka ƙanƙantar da shi a allo ka duba daga nesa. Tun 2020 an ƙara Pattern Preview, mai nuna maimaicin kana cikin zane, manhajar zane ta Krita ma tana da Wrap Around Mode mai irin wannan aiki.

Wajen zaɓen nau'in fayil ɗin adanawa, PNG ya dace da zane mai launuka kaɗan, SVG da siffofi masu layi, JPEG ko WebP da hotuna. Kada ka matse JPEG da yawa, yana iya ɓata gefen ya dawo da layin da ka sha wahalar gogewa. A CSS, harshen tsara kamannin shafin intanet, umarnin background-image yana maimaita hoto da kansa ko ba ka ce masa ba. Ka sa background-size ya zama 256px ga hoto mai 512 domin ya fito tas a allon waya mai yawan fiksel.

In rubutu zai hau kai, rage ƙarfin zanen sosai. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, tana neman bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, don haka ka auna a inda launin zanen ya fi kusa da na rubutun.