Kumbo mai dawowa duniya: kurakuran da muke yi wajen bayaninsa

Duk shekarar da muka zo darasin zafi da ɗalibaina a nan Jos, nakan tambaye su abin da ke sa kumbo ya koma kamar garwashi in zai dawo duniya. Amsa ɗaya nake samu: "Malam, gogayya ce da iska." Ban ga laifinsu ba, don ni ma haka aka koya mini. Gogayyar tana nan, amma rabonta kaɗan ne. Mafi yawan zafin daga matse iska yake fitowa.

Wanda ke shakka ya je wurin mai faci a Bauchi Road ya kai hannu kusa da kan injin busa taya, ko ya buga famfon keke sau talatin ya taɓa gindinsa. Iska in an matse ta sai ta yi zafi. To kumbon da ya baro tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa yana gudun wajen kilomita 28,000 a awa, wato tafiyar Jos zuwa Abuja ba ta kai masa minti ɗaya ba. Iskar da ke gabansa ba ta samun damar kaucewa, sai ta taru ta cushe, ta yi zafin da har takan yi haske. Gyaran jimlar ke nan: kumbon ne ke dafa iska, iskar kuma ta juyo ta gasa shi.

Wannan kuskure shi ke haifar da na biyu. In na ce su zana kumbon da zai jure dawowa, kusan kowa sai ya zana mai tsini kamar mashi, wai don ya ratsa iska. Injiniyoyin farko ma haka suka zata, har sai da H. Julian Allen na Amurka ya nuna a 1951 cewa mai faɗin gaba ya fi. Mai tsini yakan jawo zazzafar iskar ta manne a jikinsa. Mai faɗi kuwa yakan tura ta gaba kaɗan, ta zagaye shi ta wuce da mafi yawan zafin. Shi ya sa kumbunan Apollo da Soyuz da Dragon duk suke da gindi kamar ƙwarya, kuma da gindin suke fuskantar iska.

Inda na fi daɗewa da yara shi ne garkuwar zafi. Suna ɗauka wani ƙarfe ne da wuta ba ta ci. Ina! Yawancin garkuwoyin nan don su ƙone aka yi su. Nakan kawo musu misalin randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Randa tana asarar ruwa kaɗan don ta tsira da sauran. Haka garkuwa take, fatarta ta waje tana babbakewa tana zama gawayi tana zaizayewa, hayaƙin da ke fita kuma ya zama shamaki. Ta Apollo, da wani abu mai suna Avcoat aka yi ta, ta jure zafin da ya kai wajen digiri 2,700 a ma'aunin Selsiyos, alhali mutum uku na zaune a bayanta. Su daga wata suke dawowa, da gudun kusan kilomita 40,000 a awa.

Saboda haka baƙin da ake gani a gindin kumbo bayan an tsamo shi daga teku ba alamar lalacewa ba ce. Abin dubawa shi ne yadda ya ƙone. Da kumbon Orion ya sauka ranar 11 ga Disamba 2022, an tarar gawayin ya ɓanɓare gutsi-gutsi a wurare da yawa maimakon ya zaizaye a hankali, kuma sai da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta yi dogon bincike a kai.

Jirgin Space Shuttle wata hanya ya bi: fale-falen silika sama da 20,000 masu hana zafi shiga, waɗanda ake sake amfani da su. A nan ma akwai kuskuren da nake yawan ji, cewa Columbia, ɗaya daga cikin jiragen, "zafi ne ya fi ƙarfinsa" ranar 1 ga Fabrairu 2003. Zafin da ya haɗu da shi a ranar bai wuce na kullum ba. Tun ranar tashi, 16 ga Janairu, wani guntun soso daga tankin mai ya fasa gaban fiffikensa na hagu, ta nan zazzafar iska ta shiga, 'yan sama jannati bakwai suka rasu.

Wata ɗaliba ta taɓa ƙure ni: "Malam, to me ya sa ba ya ƙonewa in zai tafi?" Tambayar ta fi amsoshin ajin duka. Lokacin tashi, roka a hankali take fara tafiya cikin iska mai kauri, ba ta kai cikakken gudu ba sai ta fita daga cikinta. Da dawowa kuwa da gudunsa duka yake afkawa, kuma iskar ce birkinsa, don ɗaukar man da zai tsayar da shi zai yi nauyin da ba a iya ɗagawa. Ba tsawon wurin da aka faɗo ke ƙona abu ba, gudu ne. Wani mai tsalle da lema, Felix Baumgartner, ya diro daga nisan kilomita 39 a 2012, ko rigarsa ba ta babbake ba.

Sai yankewar magana da 'yan sama jannati na 'yan mintoci, da wasu ke ɗauka rediyo ne ya lalace. Zazzafar iskar da ta lulluɓe kumbon ce ke tare saƙon, da ta huce sai murya ta dawo.

Darasin nakan rufe shi da abin da kowa ya taɓa gani. Tauraron da muke cewa ya faɗo da dare ba tauraro ba ne, yawanci tsakuwa ce da ba ta wuce ƙwayar gero ba, ta shigo da gudu ba garkuwa. Daga tsakiyar Disamba, wajen ranar 13 da 14, sukan zubo da yawa. In hazo bai rufe sama ba, a fita bayan gari wajen duwatsun Shere inda ba hasken lantarki, a tafi da bargo.