Yadda nake kare gyaɗata daga kuturu

Har Allah ya yi wa mahaifina rasuwa bai daina ba da labarin daminar 1975 ba, shekarar da kuturun gyaɗa ya cinye gonaki kusan hekta dubu 700 a arewacin Najeriya. Yakan ce ko irin da ya zuba bai mayar ba. Shi ya sa nake taka-tsantsan da wannan cuta.

Gane ta ba wuya. Tsiron zai tsugune ya ƙi girma, ganyen su ƙanƙance su cure wuri guda, wani lokaci su yi ɗorawa-ɗorawa, wani lokaci kore shar. In ka tuge, da ƙyar ka ga 'ya'ya biyu. Abin da mutane ba sa son ji shi ne, tsiron da ya riga ya kamu ba shi da magani. Kada mai shagon magani ya karɓe maka kuɗi a banza. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ita ce ke ɗauko cutar daga wannan tsiro ta kai wa wancan, don haka da ita ake yaƙin.

Ni da ruwa ya zauna nake shuka, ba na jira sai na gama da gero da dawa. Gyaɗar da aka makara da ita tana ƙarama darɓa za ta tarar da ita, ita ce kuma cutar ta fi yi wa illa. Sannan ina cika gona. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami bai kai taƙi guda ba. Darɓa ta fi sauka inda take hango ƙasa fili tsakanin tsirrai. In ganye ya rufe ƙasa da wuri, ta rage sauka. Maƙwabcina yana tsimin iri, yana warwatsa shuka, kusan kowace shekara gonarsa ce ke fara kuturcewa.

Game da iri, ina shuka SAMNUT 24 da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya ta fitar. Tana jure kuturu, kuma cikin kamar kwana 90 ta nuna. Cutar ba ta bin iri, amma tana fakewa a jikin gyauro, wato gyaɗar da ta tsiro da kanta daga ragowar bara. Duk inda na gan shi kafin shuka, tugewa nake.

Daga mako na biyu ina zagaya gona da sassafe, ina ɗaga ganyen toho. In ka ga tururuwa na hawa da sauka, duba da kyau, zaƙin darɓa suke bi. Tsiron da ya kuturce na cire shi, na fita da shi bayan gona na binne. Feshi sai darɓa ta yi yawa, musamman in ruwa ya ɗauke na kwanaki, kuma sai na tambayi malamin gona maganin da ya dace da yawan da zan zuba.