Yadda Za Ka Yi da Iyayen da Ke Koyar da Ƙwallo Daga Bakin Fili

Duk wanda ya riƙe ƙungiyar yara a ƙauye ya san ba shi kaɗai ba ne koci. Ni malamin firamare ne a yankin Ringim, kuma ni nake horar da 'yan ƙasa da shekara 13 a filin makarantarmu bayan La'asar. Ranar da muke da wasa da wani gari, masu ba da umarni a bakin layi sun fi 'yan wasan yawa. Wannan ya ce "cire ta!", wancan ya ce "riƙe ta!", na uku ya ce "yanke shi!", duk a kan yaro ɗaya. Shi kuwa yaron sai ya ɗaga kai yana neman inda muryar gidansu ta fito, kafin ya sunkuya an ƙwace ƙwallon.

Fara da gane waye mai ihun. A wajenmu sau da yawa ba uban ba ne, musamman in yaron ɗan fari ne, don kunya ba za ta bar shi ya kira sunansa a bainar jama'a ba. Yayye ne da baffanni da kawunnai, waɗanda ba sa fashin gidan kallo ranar da ake buga Firimiya. Yayan yaro sa'anka ne ko ƙaninka, kana iya jan hannunsa gefe ku gama magana a tsaye. Baffa ko uba kuwa sai ka bi ta hanyar girma.

Kada ka taɓa yi wa babba gyara a fili. Ranar da ka ce "Baba, ka yi shiru mana" a gaban mutane, ka ci fuskarsa a gaban ɗansa, kuma gobe ba za ka ga yaron a atisaye ba. Za a ce maka an aike shi yankan ciyawa, jibi ma haka. Ka bari sai bayan Isha'i ka je ƙofar gidansa, ka yi sallama, ka tsuguna ku gaisa sosai, ka tambayi gona da iyali. Sannan ka fara da yabon yaron, yabo na gaskiya wanda ka gani da idonka. Abin da nake faɗa bai wuce wannan ba: "Baba, yaron nan yana da ƙafar hagu mai kyau. Amma in ya ji muryarka sai ya daburce, don yana jin nauyinka fiye da nawa. Roƙona ka ara mini shi na awa ɗaya, in an tashi na dawo maka da abinka." Da wuya dattijo ya hana ka aron da ka zo har gida ka roƙa.

Yawancin ihun nan rashin sanin abin da kake koyarwa ne ke kawo shi. Uba ya ga ɗansa ya mayar da ƙwallo baya, a ganinsa tsoro ne. Saboda haka kafin a hura usur ka tara su minti biyu ka gaya musu: "Yau na hana 'yan baya narka ƙwallo gaba, na ce su nemi ɗan tsakiya. Za a ƙwace musu, wataƙila ma a ci mu. Ni na sa su." Sai ka raba musu magana gida biyu. "Da kyau", "sai kai", "tashi, ba komai", waɗannan nasu ne, su faɗa har muryarsu ta dishe. "Buga", "ba shi", "koma baya" kuwa naka ne kai kaɗai. Ba a sarki biyu a zamani ɗaya.

In wani ya yi gardama, ka mayar da shi gidan kallon da yake taƙama da shi. Dokar ƙwallo ta duniya ta ce mutum ɗaya ne a lokaci guda zai ba da umarni daga wurin tsayuwar kociyoyi, kuma tun 2019 alkalin wasa yana iya ɗaga wa koci katin gargaɗi ko jan kati. A Ingila ma da hayaniyar iyaye ta ishe su, hukumar ƙwallonsu ta fito da tsari a 2008 wanda ya keɓe wa 'yan kallo wuri a bayan shinge a wasannin yara, a 2022 kuma ta gwada ƙarshen mako guda da ba a yarda da komai ba sai tafi. Ni dai ban ga amfanin shirun a ƙauye ba. Yaran suna son hayaniyar, ranar da mai kalangu ya zo har gudu suke ƙarawa. Shingen ne abin ɗauka.

Ba ya cin kuɗi. Ka auna manyan taku uku daga layin gefe, ka zuba toka, ka kafa turaku ka ɗaura igiya. 'Yan kallo duka gefe ɗaya, kai da 'yan benci ɗaya gefen. Bayan raga kuwa kada ka bar kowa, don babu wanda ake rikitawa kamar gola: ana ce masa fito, ana ce masa tsaya, ƙwallo tana tafe. In za ka iya, ka gayyaci mai unguwa, ka ajiye masa kujera daidai bayan igiyar. Ba wanda zai tsallaka ta gabansa.

Wanda ya fi kowa murya, ba shi aiki. Riƙon agogo, rabon ruwa a hutun rabin lokaci, tare awaki da masu babur da ke ratsa fili, ko tura yara su nemo ƙwallo in ta faɗa gonar gero. Tutar mataimakin alkalin wasa ce kawai ba za ka ba shi ba, in ba haka ba ɗansa ba zai taɓa yin satar gida ba.

Mai wuyar sha'ani shi ne wanda ya saya muku jesi. Shi a ransa ya sayi gurbin ɗansa, in ka canza yaron sai ka ga ya tsallako igiya. Maganin wannan tun kafin ka karɓi kayan ne: ka faɗa a gaban mutum biyu ko uku cewa a ƙungiyar nan kowane yaro yana buga aƙalla rabin wasa, kuma kowa ana iya cire shi. In ya yarda ka karɓa da godiya, in ya ƙi ku ci gaba da bugawa wasu da riga wasu babu. Kuma kada ka yi wa burinsa dariya. Ya ga Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce Turai, shi ma yana hango wa ɗansa hanya. Ka nuna masa cewa ko gasar matasa ta Kofin Ramat da ake yi a Kano yaron ya samu zuwa, ba za a ba babansa wurin tsayawa kusa da shi ba. Gara ya koyi yanke shawara da kansa tun yanzu, a filin da kuskure ba ya jawo komai.

Duk da haka wata rana abin zai ɓalle ana tsakiyar wasa. Kada ka ɗaga murya daga ɗaya gefen. Ka tura masa abokinsa ko taubashinsa, wanda zai gaya masa gaskiya cikin raha. Ku kuma shirya da rafari tun farko cewa in an tsallake igiya zai tsayar da wasa har a koma. Magariba tana matsowa, mutane suna son ganin ƙarshen wasa, su da kansu za su janye shi. Amma in abin ya kai ga zagin yaro ko ɗaga masa hannu, ka jawo yaron gefenka ka ba shi ruwa, maganar kuma ta tafi wajen mai unguwa a daren.

Su kuwa yaran, kada ka taɓa ce musu su daina jin maganar iyayensu. Ce musu za ka yi a cikin layi muryarka da ta kyaftin za su bi, in an fita kuma maganar Baba ce. Kafin a watse ka roƙi manyan su bar sharhin wasa sai da safe, musamman ranar da aka ci ku. Wanda ya daure bai yi ihu ba a ranar, ka bi shi majalisarsu washegari ka gode masa a gaban abokansa.