Yarinyar Sakkwato da ke son tseren keke: ta ina za ta fara?

Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata a nan Sakkwato. Tun da Ese Ukpeseraye, 'yar jihar Delta, ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ɗalibaina suke tambayata hanya. Ga abin da nake gaya musu.

Ki fara da gida. In Baba da Inna ba su amince ba, magana ta ƙare. Ki samu yayanki ko kawunki ya riƙa bin ki a babur. Hankalin iyaye zai kwanta, masu mota ma za su ba ki hanya. Ki sa dogon wando da riga mai rufe jiki, da ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hular kwano. Zurmemen hijabi yana iya shiga sarƙa ko taya.

Kada ki jira keke mai tsada, na hannu mai giya ya isa. Ki ɗaga sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa gwiwarki za ta ɗan lanƙwasa kaɗan kawai. Ki koyi faci da kanki.

Atisaye kuwa bayan sallar asuba ne, domin daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40. Ki riƙe gorar ruwa biyu da dabino, ki tsaya kusa da gari, kamar hanyar Wamakko. Ki riƙa ƙara nisa sannu a hankali, don tseren matan da aka yi a Faris kilomita 158 ne.

Abin da 'yan mata suka fi rainawa shi ne tafiya cikin ayari. Wadda ta laɓe a bayan wata, iska ba ta dukanta sosai, tana iya adana kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Shi ya sa a ƙungiyoyin ƙwararru yawancin 'yan tsere aikinsu tare wa jagorarsu iska da ɗauko mata ruwa, ita kuma ta ci tseren. Ki samu abokan tafiya, ki saba bin tayar na gabanki ba tare da kin damƙe birki don tsoro ba. Ba mu da tsaunuka, to ki fuskanci iskar hunturu da giya mai nauyi.

Daga nan ki kai kanki hukumar wasanni ta jiha, ki nemi shiga gasar wasanni ta ƙasa da tsere-tseren hukumar keke ta Najeriya. A nan ake zaɓen masu zuwa gasar Afirka, kuma sakamakon da aka rubuta shi ƙungiyoyin waje ke dubawa. 'Yan Afirka ma suna kaiwa can: Kim Le Court 'yar ƙasar Morishus ta sa rigar rawaya, wadda mai jagorantar tsere ke sawa, a Tour de France na mata, babban tseren keke na Faransa, a 2025, shekarar da Kigali, babban birnin Ruwanda, ta karɓi gasar keke ta duniya.

Maganar kuɗi kuma, sai a 2020 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sa mafi ƙarancin albashi ga mata, shi ma a manyan ƙungiyoyi. Don haka kada ki dogara da keke ki saki karatu: duk ɗalibar da ta faɗi jarrabawa, ina dakatar da atisayenta har zango na gaba.