Idan an haifi jariri ba a gane namiji ne ko mace ba, ga abin da za ku yi

Abu ne da ake ɓoyewa sosai, ungozoma ta duba ta yi shiru, kaka ta ce kar kowa ya ji kar a ce gidan wane an haifi mata-maza, sai a rufe jaririn da zani ana jiran ranar suna. Toh wannan jiran shi ne babban haɗarin.

Ku fara fahimtar yadda abin yake. Kusan kowace ƙwayar halittar jikin mutum tana da kromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado, 23 daga uwa 23 daga uba, biyu daga ciki su ne na jinsi. Mace yawanci XX, namiji XY. Uwa X kawai take bayarwa, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y, don haka masu tsangwamar mace wai 'ya'ya mata kawai take haifa su sake lissafi. A kan Y ɗin akwai wani ɗan guntun umarni da ake kira SRY, a 1990 aka gano shi, shi ne wajen sati na 6 zuwa 7 na ciki yake sa ƙwayayen namiji, wato maraina, su fara samuwa, su kuma su fitar da homon, wato sinadarin da zai gina al'aurar namiji. Kun ga matakai ne a jere, kromosom, ƙwayaye, homon, sannan jiki ya karɓi homon ɗin. Ko'ina a hanyar nan ana iya samun sauyi, shi ya sa kallon ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

Abu na farko, ku kai shi asibiti a kwanakin farko, kar ku bari sai an yi suna. Abin da ya fi kawo wannan yanayin wani ciwo ne da likitoci ke kira CAH. Jaririyar XX ce, tana da mahaifa da komai a ciki, amma wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda suna fitar da homon maza da yawa tun tana ciki, sai gabanta ya yi kama da na namiji. Wani lokacin ma kamannin ya yi ƙarfi har a raɗa mata sunan namiji. Matsalar ita ce yawancin masu irin wannan jikinsu ba ya riƙe gishiri, daga sati na 1 zuwa na 3 sai ka ga jariri ya daina kama nono, yana amai, ya yi laushi, yana ramewa, kuma yana iya rasuwa cikin kwanaki, a ce ai iska ce ko mayu. Alhali gwajin jini na gishiri da maganin da ake ba shi kullum, irin su haidrokotison, suna ceton rai. In kun ga waɗannan alamu ko da tsakar dare ne ku tafi.

Wani abu da za ku lura da shi wajen wanka, in jariri ya yi kama da namiji amma an laluba jakar ba a ji ƙwaya ko ɗaya ba, ko kuma hudar fitsari tana ƙasan gaban maimakon kan tsinin, toh wannan ma a nuna wa likita. Kuma don Allah kar wanzami ya taɓa wurin. Ba kaciya, ba yankan komai da sunan wai ana gyarawa, fatar da ake cirewa a kaciya da ita likitan tiyata yake amfani in za a gyara hanyar fitsari daga baya.

Ƙaramin asibiti ba lallai su iya ba, ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ku ce kuna son ganin likitan yara da ya san harkar homon. Za a yi sikanin ciki a ga ko akwai mahaifa, a auna homon, sannan a ɗebi jini a yi gwajin kromosom wanda ake kira kariyotaip, shi wannan yakan ɗauki kwanaki ko makonni, ku tambayi kuɗinsa da lokacinsa tun farko. Ku faɗa wa likita gaskiyar tarihin gida, ko auren zumunci ne, ko an taɓa rasa jarirai a makonnin farko ba a san dalili ba. Tambayar ba ta neman mai laifi ba ce, CAH gado ne daga uwa da uba duka, in duk biyun suna ɗauke da shi kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na yiwuwar jaririn ya zo da ciwon.

In sakamako ya fito kar ku ɗauka XX ko XY ɗin ya gama magana. Akwai mai XY da jikinta ba ya jin homon maza sam, a haife ta mace sak, ta girma mace, sai an ga al'ada ba ta zo ba a gano ba ta da mahaifa. Akwai mai X ɗaya tal, 45,X, ciwon Turner, gajeriya ce balaga ta ƙi zuwa. Akwai namiji mai XXY, Klinefelter, da yawansu sai sun yi aure an nemi haihuwa shiru sannan a gano. Don haka yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta ga al'ada ba ita ma a kai ta.

Maganar suna kuwa, ku samu malami mai ilimi ku yi masa bayani da takardar likita a hannu, malaman fiƙihu sun daɗe da yin babi a kan hunsa, wato mata-maza, har da rabon gadonsa, kuma canza suna ba haramun ba ne. 'Yan barka a ce musu jariri ba shi da lafiya ana gwaje-gwaje, ya isa.

Tiyata kuma in ba ta gaggawa ba ce, kamar fitsari ya kasa fita, kar ku matsa a yi ta don kunyar mutane. Ku tambaya me zai faru in an jira, me ba za a iya mayarwa ba in an yanke, ku nemi ra'ayin likita na biyu, sannan duk takardun gwaji ku adana su wuri ɗaya domin yaron zai buƙace su lokacin balaga.